Tanda da Fadama: Tarihin Masa a Sakkwato

Injin gasa waful da ya fara shiga ɗakunan girkin ma'aikata baƙo ne a Sakkwato, amma abin da aka ƙera shi dominsa daɗaɗɗe ne a garin, wato ƙullu ya gasu har gefensa ya yi ƙamas, cikinsa kuma ya tashi ya yi laushi. Turawa sun nemi wannan da faifan ƙarfe biyu masu ramuka da ake haɗe bakinsu bisa wuta. A 1869 Cornelius Swartwout ya yi rajistar nasa samfurin a Amurka, baje kolin duniya na New York na 1964 kuma ya yayata irin na Beljiyam. Matan ƙasar Hausa kuwa tandar yumɓu suka ɗora a murhu, suka toya masa, wadda Kanawa ke kira waina.

Tarihin masar shinkafa tarihin ruwa ne. Shinkafar Afirka mai jan ƙwaya an fara nomanta a kwarin kogin Neja, cikin ƙasar Mali ta yau, kimanin shekaru 3,000 da suka wuce, tun kafin irin Asiya ya iso yankin. Da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, a kan tudu ya gina ta, kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato, ga fadama shimfiɗe a ƙasa tana shan ambaliya kowace damina. Heinrich Barth, da ya ratsa yankin a 1853, ya rubuta labarin noman shinkafa a waɗannan kwaruruka. Inda ruwa bai kai ba, da gero ake toya masa, kamar yadda har gobe ake yi a Nijar.

Gwanintar tana cikin ƙullu. Alkamar waful tana da danƙon da ke riƙe iska. Shinkafa ba ta da shi. Dabarar ita ce a jiƙa ɗanyar shinkafa, a dafa wani kaso kaɗan, a haɗa a markaɗa. Dafaffen kason shi ke kama kumfar da tsami ke fitarwa idan ƙullu ya kwana. Da safe ɗan ruwan kanwa yakan kashe tsamin, haɗuwarsu kuma ta ƙara iska. Sauran aikin na tanda ne: yumɓu ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa, sai gefe ya soyu cikin mai kafin tsakiya ta bushe. Mai gaggawar da ta cika wuta takan kwashe masa baƙa a waje, ɗanya a ciki.

Abin da ya girgiza wannan tsari ba daga kicin ya fito ba. A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara, aikin da ƙwace gonakinsa ya kai ga kisan manoma masu zanga-zanga a Afrilun 1980. Binciken William Adams ya nuna ambaliya ta ragu a fadamun da ke ƙasa da madatsar, manoma da dama suka bar shinkafa suka koma gero da dawa. Madatsar Goronyo ta biyo baya a kan Rima a 1984.

Turararriyar shinkafar waje, 'yar gwamnati, ta cika kasuwa tun zamanin arzikin fetur, sai dai ba ta yi wa masa daɗi, don an riga an dafa ta tun tana cikin ɓawo. Shi ya sa mai masa ke neman shinkafar tuwo komai tsadarta. Yis ɗin kanti ya mayar da jiran dare guda na 'yan sa'o'i, tandar ƙarfe kuma ba ta fashewa. Sauƙi ne na gaske ga macen da ke zuwa ofis, ko da yake ɗanɗanon tsamin da ya kwana shi ne farashinsa. Idan mudun shinkafa ya tashi kuwa, kamar bayan rufe iyakoki a Agustan 2019, mai masa ba ta da ikon sauya iri. Ko dai ta ƙara kuɗi, ko ta rage ludayi.