Lasar gishiri ta Ingal: tafiyar da ke bayan taron la'asar

Kowace shekara, idan damana ta kusa ɗaukewa cikin watan Satumba, garin Ingal da ke yamma da Agadas yakan cika maƙil domin bukin da Faransawa suka raɗa wa suna Cure salée, Hausawa kuma suke kira lasar gishiri. Baƙon da ya isa filin taron bayan la'asar, sa'ad da kaifin rana ya karye, zai tarar da Abzinawa bisa raƙuma masu ado suna kewaya mata masu kiɗan tende. Can gefe samarin Fulani Bororo sun yi sahu, sun sha kwalliya, suna rawa; ƴan kasuwa daga kudu kuma sun baje hatsi da atamfa da shayi da sukari. Amma abin da ido ke gani a wannan yammaci ƙarshen wata doguwar tafiya ce ta watanni, wadda ta girmi bukin nesa ba kusa ba.

Tushen al'amarin yana cikin ƙasar kanta. Arewa da Ingal akwai faffaɗan fili na laka da ake kira Irazer, inda ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Abzin yake malala da damana. Ƙasar wurin da maɓuɓɓuganta suna ɗauke da gishiri da kanwa, ciyawar da ke tsirowa kuma tana da daɗi ga bisashe. Makiyaya sun daɗe da lura cewa dabbar da ta lashi wannan ƙasa, ta sha wannan ruwa, cikinta yakan wanke, ta yi ƙiba, ta fi jure wa rani. Abzinawa na kiran wannan ƙaura ta damana tanekert.

Yankin kuwa tsohon mazauni ne. A shekarar 1353 matafiyi Ibn Battuta ya sauka a Takadda, birnin da ya yi suna da jan ƙarfe, wanda masana da dama ke ganin kufansa ne a Azelik. Bayan rushewar birnin, al'ummar Isawaghen, masu harshen tasawak da ke da dangantaka da Zabarmanci, suka kafu a wurare biyu: Ingal, inda suke noman dabino, da Tegidda-n-Tesumt, inda suke tara ruwan gishiri a ƙananan gurabu har rana ta busar da shi. Littafin da Edmond da Suzanne Bernus suka wallafa a 1972 a kan wannan al'umma ya ɗauki sunansa ne daga waɗannan abubuwa biyu, wato gishiri da dabino. Saboda haka makiyayin da ya iso Ingal yana samun makiyaya, yana kuma samun kasuwa.

Ga mutanen kudu, wannan ƙaura tana da wata fa'ida ta dabam. Kel Geres, waɗanda suka baro Abzin suka zauna a yankin Madawa da Ƙonni, sukan kora garkunansu arewa da zarar an yi shuka, ba sa komowa sai kaka ta yi. Haka ma Fulani da Abzinawan Azawak. Ta wannan hanya gero yakan girma ba tare da ɓarna ba. Idan aka kwashe amfani kuma, bisashe su shiga gonaki su ci kara, su bar taki. Wata yarjejeniya ce tsakanin manomi da makiyayi wadda ba a rubuta ba, amma kowa ya san haddinta. A can arewa kuwa, haɗuwar ƙabilu kan zama lokacin ɗaurin aure da raɗin suna, da sasanta rigingimun rijiyoyi a gaban shugabanni.

Hukuma ma ta gane amfanin taron, domin mutanen da suke warwatse duk shekara a nan ne ake samun su wuri guda. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gomnati ta riƙa aika likitocin dabbobi da na mutane domin yin lamba, ana kuma isar da saƙonni ga makiyaya. Da sannu aka tsayar da ranaku, aka kafa rumfar manyan baƙi, aka sa gasar sukuwar raƙuma da ta kyawun bisashe. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun halaka garkuna masu yawa, tawayen da ya ɓarke a 1990 kuma ya rage zirga-zirga a yankin. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995, bukin ya ƙara ɗaukar ma'anar haɗin kan ƴan ƙasa.

Sai dai rumfa da jawabai ba su ne ke kawo garke Ingal ba. Burtali ne ke kawo shi. Dokar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar arewa da noma ba zai ƙetare ba, amma yawan jama'a da ƙarancin ƙasa sun tura gonaki can gaba da ita. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 sun amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, sun kuma hana toshe burtali. Duk da haka, inda gona ta cinye hanya ko mashaya, rikici yakan biyo baya, wani lokaci har da asarar rai.

Don haka malamin da zai koyar da lasar gishiri bai kamata ya tsaya ga rawa da ado ba. Darasin yana farawa ne daga burtalin da ya ratsa bayan garin ɗalibansa, a Dakoro ko Tanut ko Abalak: su san inda ya fito, inda ya nufa, da dalilin da ya sa kakanninsu suka bar shi ba su noma ba. Ƙungiyoyin al'adu ma suna da aikin tattara sunayen zanguna da rijiyoyin wannan hanya daga bakin dattawa tun suna raye. Ranar da hanyar ta toshe, ko an buga tende a Ingal, babu garken da zai amsa.