Hukumar Ciniki da Kasuwar Kowa: Gardamar Manoman Ƙasar Sakkwato, 1949 zuwa 1986

Cikin 1986 Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona guda shida, watau na gyaɗa, da auduga, da hatsi, da koko, da roba, da na manja da ƙwara. Daga wannan shekara aka ce kowane manomi ya sayar da abin da ya noma ga wanda ya ga dama, a kan kuɗin da suka shirya. Ba a tara manoman ƙasar Sakkwato an tambaye su ra'ayinsu ba ran da aka rushe, kamar yadda ba a tambayi iyayensu ba ran da aka kafa. Amma duk da haka sun yi shekara kusan arba'in suna gardama a kan al'amarin, a bakin sikeli, da kasuwannin ƙauye, da dandalin siyasa. Wanda bai iya faɗa da baki ba ya faɗa da gonarsa, ya sake abin da yake shukawa.

Asalin abin daga Yaƙin Duniya na Biyu ne. Kafin yaƙi, kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt, da Kwarori, da manyan attajirai irin su Alhassan Dantata na Kano, su ke sayen gyaɗa, kuɗinta kuwa yana hawa yana sauka bisa ga yadda kasuwar Ingila ta kaya. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Gusau da Ƙaura Namoda cikin 1929, sai gabashin Lardin Sakkwato ya shiga noman gyaɗa da auduga ka'in da na'in. Birnin Sakkwato kansa jirgi bai taɓa isa gare shi ba, abin da aka saya a can sai a ɗauko shi a kan raƙuma da jakuna, daga baya a motoci, tafiyar kusan mil 130 zuwa Gusau. Da yaƙi ya yi tsanani, Gwamnatin Ingila ta kafa wata hukuma cikin 1942 wadda ita kaɗai ke da ikon sayen kayan Afirka ta Yamma da fid da su waje. Bayan yaƙi ba a saki linzamin ba. Cikin 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa da ta Auduga ta Nijeriya, cikin 1954 kuma, da aka ba kowace Jiha ikon kanta, aka haɗa su a ƙarƙashin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. A wannan shekara ce Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya zama Firimiya.

Yadda tsarin yake shi ne, kafin kaka hukuma ta yanke kuɗin ton ɗaya na gyaɗa da na auduga, a yi shela, ba ya sakewa har ƙarshen shekarar ciniki. Hukuma ba ta saye da hannunta. Tana ba waɗansu lasin, su ne ejan-ejan, su kuma su raba kuɗi ga yaransu da ke kafa sikeli a ƙauyuka. Auduga ba a sayenta sai a kasuwannin da Gwamnati ta ƙayyade, inda malamin duba zai raba ta lamba ɗaya, lamba biyu, sa'an nan a kai ta injin gurza na kamfanin BCGA a Gusau ko Mayanci. Anguryar shuka kuwa a kan raba wa manoma kyauta ta hannun hakimai da dagatai. Wanda duk ya fid da gyaɗa ko auduga ƙasar waje ba ta hannun hukuma ba ya karya doka.

Hujjar masu son wannan tsari ba ƙarama ba ce, kuma bai kamata a raina ta don an ga yadda abin ya ƙare ba. Dattawan da suka ga shekarun 1930, sa'ad da kuɗin gyaɗa ya faɗi warwas alhali haraji bai ragu daidai da shi ba, sun san abin da ake nufi da kasuwa marar linzami. A wurinsu, mutum ya san tun gyaɗa tana ƙasa nawa za a ba shi, ya ƙiyasta harajinsa da jangalinsa da kayan auren 'yarsa, wannan kansa arziki ne. Suna kuma cewa talaka guda mai buhu uku ba shi da bakin da zai yi ciniki da babban kamfani, amma hukumar da ta tara gyaɗar ƙasa duka a hannu ɗaya tana iya tsayawa a gaban masu masana'antun mai na Turai ta yi magana a ji. Ga shi kuma an yi alkawari cewa rarar da aka samu shekarar tsada za a ajiye ta, a cika wa manomi da ita shekarar da kasuwa ta faɗi.

To, a wajen wannan alkawari ne gardama ta fi zafi. Lokacin yaƙin Koriya kuɗin mai da auduga ya tashi ƙwarai a duniya, hukumomi ba su ɗaga wa manomi daidai da haka ba, har ya zama zuwa 1954 sun tara wajen fam miliyan 120 a Nijeriya duka, Jihar Arewa ta gāji fiye da miliyan 30. Wani masani, P. T. Bauer, ya buga littafi cikin 1954 a kan cinikin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa abin da ake kira daidaita farashi ya rikiɗa ya zama haraji, haraji kuwa mai nauyi, a kan mutanen da suka fi kowa talauci. Manomin Talata Mafara bai karanta Bauer ba, amma ya ji wannan magana da Hausa daga bakin 'yan jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano cikin 1950, wadda kuma ta sami magoya baya a garuruwan bakin dogo irin su Gusau da Ƙaura Namoda, ko da yake yawancin ƙasar Sakkwato ta NPC ce. Amsar Gwamnati ita ce, kuɗin ba su ɓata ba, da su aka yi hanyoyi, aka sa hannu cikin masaƙar Kaduna da aka buɗe cikin 1957, aka taimaki ilmi, aka kawo motocin noma fadamun shinkafa na Sakkwato. Wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa mai gyaɗa da mai auduga su suka biya, ba tare da an shawarce su ba, yawancin gine-ginen kuwa a Kaduna da Zariya da Kano suke.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi kusa da manomi, wadda ba ta cikin littattafan lissafin hukuma. Kuɗin da aka yi shela a kansa na bakin tasha ne, kome nisan ƙauye daga dogo haka ake rage masa ladan dako, saboda haka mutumin Gwadabawa ko Tangaza bai taɓa karɓar abin da na Gusau ke karɓa ba. Sa'an nan ga malamin sikeli da dabarunsa. Mafi muni shi ne bashin bazara. Sa'ad da rumbu ya ƙare, damina ta kama, sai yaron eja ya ba manomi kuɗi ko hatsi a kan zai biya da gyaɗa da kaka, a kan kuɗin da bai kai na hukuma ba. Wanda ya ci irin wannan bashi, shelar Gwamnati ba ta shafe shi ba, gyaɗarsa ta riga ta sayu tun ba ta yi fure ba. Bayan samun mulkin kai kuma lasin sayen gyaɗa ya zama abin da ake saka wa 'yan jam'iyya da shi.

Malamai ma suna da abin faɗa, gama a garin Shehu ba a rasa mai jawo al'amari zuwa ga Shari'a. An san cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yanke farashi sa'ad da aka roƙe shi a Madina lokacin tsada, an kuma san cewa ya hana ɓoye abinci don a jira ya yi tsada. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan iyakar ikon shugaba cikin wannan, waɗansu sun yarda ya sa hannu in maslahar jama'a ta bukata. Daular Usmaniyya kanta tana da muhtasibi mai duba mudu da awo da algus. Saboda haka kowane ɓangare ya sami madogara: mai ƙin hukuma ya riƙe ta farko, mai tsoron 'yan kasuwa ya riƙe ta biyu.

Ya kamata a lura da cewa gero da dawa da shinkafa, abincin mutane, ba su taɓa shiga hannun mai saye guda ɗaya ba kamar gyaɗa. Abin da ya yi kama da haka shi ne na zamanin yaƙi, sa'ad da aka ɗora wa En'e-En'e tara hatsi a kan kuɗin Gwamnati don ciyad da soja da leburorin kuza na Jos, aka kuma riƙa hana fid da hatsi daga wannan lardi zuwa wancan. Wannan bai bar wa manoma kyakkyawan tunani ba. In ban da haka, hatsi a kasuwa yake, a Illela da Achida da Bodinga da cikin birni, hannun dillalai da masu awo, ya yi araha da kaka ya yi tsada da bazara. Watau kowane manomi yana da tsarin nan biyu a gonarsa guda, kunya ɗaya ta hukuma, kunya ɗaya ta kasuwa, yana gwada su kowace shekara. Ba a bukatar wani ya yi masa bayani.

Hukuncinsa ya bayyana tun daga ƙarshen shekarun 1960. Wajen 1966 gyaɗar da hukuma ta saya a Arewa ta kai kimanin ton miliyan ɗaya, dalar gyaɗa ta cika Kano. Da yaƙin basasa ya tashi cikin 1967, hanyar jirgi ta gabas ta yanke, hukuma ta rage kuɗin gyaɗa ƙwarai. Sai gyaɗa ta fara bin dare tana ƙetare iyaka zuwa Nijar, inda kamfanin Gwamnati SONARA ke saye da sefa, ga mutumin Illela kuwa Birnin Ƙonni ta fi masa Sakkwato kusa nesa ba kusa ba. Wadda ta rage mata suka saye, suka matse mai suka toya ƙuli-ƙuli, don kuɗin da suke bayarwa ya fi na eja. Cikin 1973 Gwamnatin Gowon ta karɓe ikon yanke farashi daga jihohi, ta ɗaga shi, amma an makara. Farin 1972 zuwa 1974 ya sa kowa ya koma wa gero, cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 ta ƙarasa sauran. Kuɗin man fetur kuma ya sa Gwamnati ba ta ƙara dogara ga gyaɗa ba.

Cikin 1977 Gwamnatin Janar Obasanjo ta soke hukumomin jihohi ta kafa na ƙasa baki ɗaya: ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa, ta hatsi a Minna. Hukumar Hatsi ita ce sabon abu. Ba a ba ta ikon hana kowa saye ba, aikinta ta yanke mafi ƙarancin kuɗi, in kasuwa ta faɗi ƙasa da shi ta saye ta ajiye. Amma yawancin shekaru kuɗin nata bai kai na kasuwa ba, abin da ta saya kaɗan ne ƙwarai in an gwada da abin da ake nomawa. Shekarar 1985 damina ta yi kyau, hatsi ya yi araha, ga iyakoki a rufe tun Afrilu 1984, ran da aka bukaci hukuma ke nan, ba ta da kuɗi ko rumbunan da za su ɗauke rarar. A Nijar ma hukumar OPVN, wadda aka kafa cikin 1970 da nufin riƙe cinikin hatsi, ba ta iya rinjayar 'yan kasuwa ba, cikin shekarun 1980 aka mai da ita mai tsaron hatsin ajiya.

Saboda haka da aka zo rushewa cikin 1986, cikin shirin gyaran tattalin arziki da aka yi da shawarar Bankin Duniya, mai gero bai ga an ɗauke masa kome ba, mai gyaɗa kuwa ya daɗe da rabuwa da eja. Mai auduga ne ya ji a jikinsa. Da fari kuɗinta ya tashi, domin masaƙu da 'yan kasuwa sun shiga rige-rigen saye, ga darajar naira ta faɗi tun daga Satumba na wannan shekara. Amma da hukuma ta tafi, raba angurya mai kyau ya tafi da ita, duba lamba ma ya lalace. Iri ya gauraye, aka shiga zuba wa auduga ruwa da yashi don ta yi nauyi, masu saye kuma suka rama da rage kuɗi ga mai gaskiya da maƙaryaci baki ɗaya. Waɗanda suka yi shekaru suna zagin hukuma sai aka ji waɗansunsu suna ambaton zamanin angurya kyauta.

A waɗansu ƙasashe an tambayi manoma, ko da ba a bi maganarsu ba. A Kanada, Hukumar Alkama ta riƙe cinikin alkamar yammacin ƙasar ita kaɗai tun 1943. Cikin 2011 ta sa manoma suka jefa ƙuri'a, kashi 62 cikin ɗari na masu alkama suka ce a bar ta, na sha'ir kashi 51. Gwamnati ta ce wannan ƙuri'a ba ta ɗaure ta ba, ta zartad da doka, ikon ya ƙare ran 1 ga Agusta, 2012. Bambancin shi ne, waccan hukuma tana mayar wa manomi rarar cinikinsa a ƙarshen shekara, kuma tun 1998 manoma ke zaɓen yawancin masu gudanad da ita, shi ya sa ta sami masu kare ta. Hukumar Ciniki ta Arewa Gwamnati ke naɗa mutanenta, rararta kuma baitulmali take shiga. Manoman Wurno da Rabah da Gusau ba su taɓa zaɓen ko mutum guda a cikinta ba, daga 1949 har ran da aka kulle ofisoshinta.