Itatuwan da Suka Riƙe Dajin Paikon Kore

Kafin 1976, shekarar da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zaɓi yankin Abuja don gina sabon babban birnin tarayya, kewayen Gwagwalada daji ne mai dogayen ciyayi, ga kurmi mai duhu a bakin rafuka. Gbagyi da Bassa na noman doya da dawa, kuma in suna sharar gona ba sa kai gatari gindin kaɗanya ko ɗorawa. Fulani sukan sauko da rani, su koma arewa da damina saboda tsando mai sa wa shanu sammore.

Farin 1973 ya turo garkuna kudu, saran daji kuma ya rage tsando, sai makiyaya suka soma zama. Yau Paikon Kore, da ke yankin Gwagwalada, na cikin wuraren kiwo huɗu da aka keɓe a Abuja, tare da Kawu da Karshi da Rubochi.

A wancan daji kowace bishiya da aikinta. Idan ciyawa ta ƙone da rani, makiyayi kan hau madobiya ko kawo da adda ya sassabo rassa, shanu a ƙasa suna rububin ɗanyen ganye. Da dare jemagu kan dira kan jajayen furannin ɗorawa masu kama da tuntu, suna shan zaƙinsu suna kai garin fure daga wannan bishiya zuwa waccan; ta haka kalwa ke samuwa. Ƙudan zuma ke yi wa kaɗanya wannan hidima. Saiwoyin kurmi kuwa su ke riƙe gaɓar rafi.

Da gwamnati ta tare a Abuja a 1991, birni ya buɗe baki yana neman gawayi da katako. Kirya, mai gawayi mai daɗewa a murhu, ta sha gatari. Madobiya kuma 'yan kasuwar katako suka yi ta kwasarta daga dazuzzukan Najeriya zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta ƙuntata cinikinta a 2017.

Asarar ba ta tsaya kan kututture ba. Inda aka sare kurmi, ruwan sama na zaizaye gaɓa, yashi ya cike rafi, ya ƙafe da wuri. Makiyayin da ya rasa ganyen madobiya sai ya sayi dusa, mai daddawa kuma, da kalwa ta yi tsada, ta koma dafa waken soya.