Ambaliya da Ƙananan Halittun Ruwa Marasa Ƙashin Baya a Fadamun Gaya da Ajingi

Tsakure

Maƙalar ta ƙalubalanci ɗaukar ambaliya a matsayin annoba ga ƙwarin ruwa a kowane kogi. A gabashin Jihar Kano ambaliya ta fi aikin rarraba su, kuma dodon koɗi mai ɗauke da tsargiya ne ya fi cin moriyarta.

Bitar Ayyukan Magabata

Akasarin abin da ake koyar wa ɗalibanmu kan wannan batu daga rafukan duwatsu da na hamada aka samo shi. Fisher da abokan aikinsa (1982) sun nuna cewa ambaliya guda a rafin Sycamore na jihar Arizona ta Amurka ta share kashi 98 cikin ɗari na halittun, suka kuma farfaɗo cikin makonni kaɗan. Aiki ne mai kyau, ba na ja. Inda nake ja shi ne yadda ake ɗauko wannan sakamako a ɗora wa ƙasar da ba ta da gangara. A can ruwa na gangarowa da ƙarfi, ya mirgina tsakuwa, ya niƙe abin da ke maƙale da ita. A Ajingi ina tsakuwar, ina gangarar? Rairayi ne da laka, ruwan kuma idan ya cika bakinsa sai ya malala gefe. Ra'ayin Junk, Bayley da Sparks (1989), wanda ya ɗauki cikar kogi shekara-shekara a matsayin abin da ke rayar da fadama, ya fi kusa da halin da muke ciki.

Hanyar Bincike

An gwada waɗannan ra'ayoyi biyu da yanayin Kogin Haɗeja daga Wudil zuwa gabas, tare da duba gaɓar kogi da kududdufai bayan janyewar ruwa.

Sakamako

A tsakiyar kogi ambaliya na yin ɓarna, tana kwashe tsutsotsin ƙwari da matsattsaku. Dodon koɗi ma ba ya iya riƙe wuri idan gudun ruwa ya haura kimanin mita 0.3 a daƙiƙa. To amma ina ruwan yake kai shi? Cikin gonakin shinkafa, da ramukan da aka haƙi ƙasar gini, da kududdufan bayan gari. A nan ruwa yake kwanciya, ya yi ɗumi, ganye ya ruɓe, abinci ya wadata.

Wanda ya juya ganyen bado a irin wannan kududdufi zai ga ƙwayayen dodon koɗi manne a ƙasan ganyen, kamar ɗigon majina mai haske. Jinsin Bulinus ana gane shi da bakin ƙoƙonsa da ke buɗewa ta hagu. Kowane ɗaya mata-maza ne, yana iya hayayyafa shi kaɗai, don haka ƙwaya ɗaya da ruwa ya yar ta isa ta cika kududdufi. Da rani kuma wasu sukan nutse cikin laka su yi likimo har ruwan sama ya dawo. A jikin wannan dodon koɗi ne tsutsar tsargiya ke girma kafin ta huda fatar yaron da ya shiga iyo, shi ya sa fitsarin jini ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan bakin kogi, har wasu iyaye na ɗaukarsa alamar balaga.

Madatsun ruwa sun ƙara dagula lissafin. Tun da aka kammala Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kogin da a da yake ƙafewa da rani ya zama mai ruwa kusan duk shekara, ciyawar kachala ta samu gindin zama, ta rage gudun ruwa, ta ba dodon koɗi mafaka. Ashe abin da ya fi rage waɗannan halittu a da ƙafewar rani ce, mu kuma muka rage mata ƙarfi da hannunmu.

Iyakokin Bincike

Ba a yi ƙidaya ba, ba a kuma tantance jinsi a ɗakin gwaji ba. Mai son alƙaluma zai ga giɓi a nan, sai dai giɓin bai taɓa hujjar ba.

Shawara

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ma'aikatar lafiya ta jiha su riƙa bin kududdufan Gaya da Ajingi a watannin Oktoba da Nuwamba, a kuma daidaita rabon maganin tsargiya, wato praziquantel, a makarantu da lokacin janyewar ruwa.