Asalin Kalma: Daga Ƙudan Zuma Zuwa Kiɗan "Drone"

Mai sauraron labarai idan ya ji "drone", jirgi maras matuƙi ne ke faɗo masa a rai. Amma kalmar ta girmi jirgi nesa ba kusa ba. A tsohon Turanci, "dran" sunan namijin ƙudan zuma ne, wanda ba ya harbi, ba ya ɗebo ruwan fure, sai dai ƙugi. Shi ya sa Turawa suka riƙa kiran malalaci da sunan.

Ƙugin ne ya kai kalmar ga makaɗa. Ta zama sunan amo guda da ake ja ba yankewa, irin na bututun algaitar mutanen Sikotilan, ko na tambura mai tsirkiya huɗu da ke raka mawaƙan Indiya. A 1958 La Monte Young, Ba'amurke, ya tsara "Trio for Strings", inda ake riƙe amo ɗaya tsawon lokaci, a yi tsit, a sake ɗauko wani. Éliane Radigue ta Faransa kuwa da na'urar haɗa amo ta ARP 2500 ta yi aiki. Kiɗanta "Trilogie de la Mort" ya kusa awa uku, yana sauyawa sannu a hankali, har mai sauraro bai san lokacin da amon ya canza ba. Mai gaggawa zai rantse injin niƙa ne aka bari a kunne.

Jirgin shi ne ɗan auta. Ana danganta sunansa da "Queen Bee" (wato sarauniyar ƙudan zuma), jirgin atisayen harbi na sojan Ingila na 1935, wanda ake sarrafawa da rediyo.