Yadda Aka Kai Ga Ƙona Zuciya Da Taimakon Mutum-Mutumi

Idan dattijo a Karofi ko Kurfi ya ce gabansa na yawan faɗuwa, ga haki ko da daga gida zuwa masallaci ne, akan ɗora laifin a kan tsufa ko tunani. Wani lokaci kuwa ɗakuna biyu na saman zuciyarsa ne suka daina bugawa a tsare, sai karkarwa suke, fiye da sau 300 a minti guda. Jini ya kwanta a lungu ya daskare, gudan ya ɓalle ya je ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai wannan ciwo ya ninka na sauran mutane kusan sau biyar. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan karkarwa, sai lalacewar ƙofofin zuciya bayan ciwon maƙogwaron yarinta da ba a kula da shi ba, sai kuma gazawar zuciya, irin wadda Davidson da Parry suka yi nazari a kai a jikin masu jego a asibitin koyarwa na Zariya cikin shekarun 1970. Babu baƙo a cikinsu a ƙasar Katsina.

Tun 1906 Willem Einthoven na Holan ya zana wannan karkarwa a takarda da na'urarsa ta auna lantarkin zuciya. Ganin ciwo dai daban, kaiwa gare shi daban. Wanda ya buɗe hanya wani matashin likita ne a garin Eberswalde na Jamus, Werner Forssmann. A 1929 ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya taka da ƙafarsa zuwa ɗakin hoto ya ɗauki shaida. Manyansa suka ɗauke shi mai ganganci. Sai a 1956 aka ba shi kyautar Nobel.

A 1981 Melvin Scheinman na San Francisco ya fara amfani da irin wannan bututu ya ƙona wani gurbi a zuciyar mara lafiya da jan lantarki mai ƙarfi. Aikin da gauni: yana kashe mahaɗar saman zuciya da ƙasanta ne, dole a dasa wa mutum batirin da zai riƙa ba zuciyar umarni. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 aka koma ga zafin da kan bututun ke fitarwa a hankali, yana barin ɗan tabo a inda aka nufa, kamar lalas. Tabo ba ya ɗaukar lantarki, nan hikimar take. James Cox na St. Louis ya bi wannan tunani da wuƙa a 1987: a buɗe ƙirji, a yanyanka bangon zuciya a ɗinke, tabon ya zama shinge. Aikin na ci, amma ba kowa ke jure shi ba.

A ganina shekarar da ta fi kowacce nauyi a wannan tarihi ita ce 1998, ba shekarar da mutum-mutumi ya shigo ba. A lokacin Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a Bordeaux ta Faransa suka bincika marasa lafiya 45, suka gano kashi 94 cikin ɗari na wuraren da ke kunna rikicin suna cikin jijiyoyin da ke kawo jini daga huhu. Daga nan aikin ya sami alƙibla: a kewaye bakin jijiyoyin nan huɗu da tabo, a killace su.

Faɗa da sauƙi. Likita na tsaye awanni a gefen gado, yana murza bututu mai tsawon kusan mita daga jijiyar cinya, kan bututun kuwa na can cikin zuciyar da ba ta tsayawa. Ya danna da yawa ya huda bango, ya sassauta tabon bai kama ba, ga maƙoshi manne a bayan bangon. Sanye yake da rigar dalma mai nauyi don kare kansa daga hasken na'urar hoto, ciwon baya da na wuya ya zama ruwan dare a tsakanin masu wannan sana'a. Wannan wahala ce ta kira injiniyoyi.

Kamfanin Stereotaxis ya zo da manyan maganaɗisu biyu, ɗaya dama da gado ɗaya hagu, da bututu mai laushi da aka sa wa ƙananan maganaɗisu a kai. Maimakon a tura kan bututun daga baya, sai a jawo shi daga gaba, likita na zaune a wani ɗaki gaban kwamfuta. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da na'urar, mai suna Niobe, a 2003. Sabine Ernst da abokanta a Hamburg suka ba da rahoton gwajin farko a 2004, Carlo Pappone na Milan ya biyo da nasa a kan karkarwar zuciya a 2006. A 2007 kamfanin Hansen Medical ya fito da Sensei, hannun ƙarfe mai sarrafa bututun da wayoyi. Sunan mutum-mutumi yakan ruɗi mai ji: na'urar ba ta yanke shawarar komai, inda likita ya nuna take bi.

Da aka kwatanta sakamako, sai murna ta ragu. Hasken da ke taɓa likita ya ragu sosai, bututun maganaɗisu kuma da wuya ya huda bango, amma yawan waɗanda suka warke bai wani zarce na ƙwararren hannu ba. Ga tsada, ga ɗaki na musamman, ga ƙarin lokaci. A 2016 aka sayar da Hansen ga kamfanin Auris, Stereotaxis kuwa ya ci gaba, ya sabunta na'urarsa da Genesis a 2020.

Kayan aikin hannu ma ba su zauna ba. An ƙera bututu mai gaya wa likita ƙarfin dannawarsa, da balan-balan mai daskarar da bakin jijiya gaba ɗaya, wanda Amurka ta amince da shi a 2010. A Disamban 2023 ta amince da wata sabuwar hanya: gajerun bugun lantarki masu kashe ƙwayoyin naman zuciya ba da zafi ba, suna kuma rage haɗarin taɓa maƙoshi. Manyan asibitocin Turai da Amurka sun rungume ta da sauri, kuma yawancin masu yin ta da hannu suke riƙe bututun.