Nazarin Musabbabin Tashin Banza a Na'urar Gano Motsi Samfurin HC-SR501

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dalilan da ke sa na'urar gano motsi ta kunna fitila ko ƙararrawa alhali babu wanda ya gifta, abin da za a kira tashin banza a nan. Matsayinta shi ne, a fara tuhumar wutar da ke ciyar da na'urar kafin a tuhumi idonta.

Yadda na'urar ke gani

Jikin ɗan Adam mai zafin digiri 37 yana fitar da hasken infared da ido ba ya gani, mafi ƙarfinsa a tsawon zangon maikiromita 9.4. A cikin idon na'urar akwai ƙwayoyi biyu da aka haɗa su suna soke juna. Idan zafi ya same su daidai, shiru. Sai wani abu mai ɗumi ya ratsa, ya taɓa ɗaya kafin ɗaya, sannan sigina ta fito. Farin ƙoƙon roban da ke rufe da idon, wato lensin Fresnel, shi ke yanka fili gida-gida har zuwa kimanin mita 7.

Siginar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka guntun BISS0001 yake ninka ta fiye da sau dubu. Matsalar ke nan: duk wata rawa da ta shigo ta wayar wuta, ita ma ninka ta za a yi.

Laifin wuta

HC-SR501 tana karɓar bolt 5 zuwa 20, ta rage shi zuwa 3.3 a cikinta. Amma idan caja mai arha ce ke ciyar da ita, ko tana raba layi da rilai, wato makunnin da ke kunna fitila ko ƙararrawa, duk lokacin da rilai ya kama ko ya saki wutar takan yi tsalle. A gidajen da ake sauyawa tsakanin wutar NEPA, janareta da inbata, kowane sauyi tamkar kunna na'urar ne daga farko, kuma tana buƙatar kusan minti ɗaya kafin ta nutsu. Tashin da ta yi a wannan minti ba lalacewa ba ne, ko da yake masu gyara da yawa sukan ɗauka haka.

Maganin ba tsada: kafasito mai maikirofarad 100 da wani mai nanofarad 100 a bakin ƙafafun wutar na'urar, da dayod 1N4007 a juye a kan nadin rilai. Idan an haɗa ta da allon ESP8266, eriyarsa mai watsa sigina a gigahaz 2.4 ita ma takan tayar da ita. A nisanta su, a gajarta wayoyi.

Laifin muhalli

Kwanon rufi da rana ta gasa, labulen da iska ke kaɗawa, gizo-gizo a kan ƙoƙon, duk suna motsa zafi a gabanta. Wani abin dubawa shi ne zafin bazara: idan ya haura digiri 40, kamar a Sakkwato cikin Afrilu, bambancin mutum da bango yakan ragu, sai na'urar ta dushe. Mai gida ya murɗa sukurun ƙarfin gani har ƙarshe, sanyin hunturu na shigowa kuma ta koma tashi kan kowane abu.

Gwajin rarrabewa

A rufe ƙoƙon ruf da kwali mai kauri, a jira minti biyu. Idan tashin ya ci gaba, muhalli ya fita daga zargi. Sai a cire caja a sa batir mai bolt 9. In ta yi shiru, laifin na wuta ne, kuma sayen sabuwar na'ura asarar kuɗi ce kawai.